A Daina Tumɓuke Tumfafiya Da Sunan Sharar Gona

Da zarar bazara ta kama, daga Dambatta zuwa Makoɗa har Kunci, aiki ɗaya ne: sharar gona. A sare, a tara, a cinna wuta. Tumfafiya ce ke fara shan gatari, domin a wurinmu gonar da ta yi yawa a cikinta gonar malalaci ce. Ni ina ganin ba mu yi wa wannan tsiro adalci ba, kuma mu ne ke kwana ciki.

Tumfafiya ba ta kashe ƙasa. Ƙasar ce ke gajiya da noma babu hutu babu taki, sauran tsirrai su gudu, ita ta tsaya. Tana jure fari, tana jure ƙasa mai gishiri da kanwa. Saiwarta na nutsawa can ƙasa neman laima, ganyenta mai kauri da fari-farin gari a jiki ba ya saurin rasa ruwa. Shi ya sa ake samunta tun daga Senegal har Indiya. A watan Afirilu, lokacin da ko karmami ya ƙare a gonaki, ita tana nan kore shar.

Yankinmu ya cika da jama'a, gona na manne da gona, babu sauran barin saura. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau gado ya yanka ta gida-gida. A gefen gabas na tawa akwai tumfafiya da na hana a taɓa. Idan iskar farkon damina ta taso da yashi, a gindinta yake tsayawa, tare da ganyaye da kashin awaki, geron da ke bayanta ya tsira daga binnewa. Wanda ya share gonarsa fes, sau da yawa sai ya sake shuka.

Iyayenmu sun san amfaninta. Itacenta ba shi da nauyi, gara ba ta cika cinsa ba, ana sa shi a rufin ɗaki da rumbu. Ɓawonta ana tufka igiya da shi. Audugar da ke cikin 'ya'yanta ana cusa ta a matashi. Fulanin Binin da na Kwara da ganyenta suke daskarar da madara su yi wara.

Amma tana da haɗari. Farin ruwanta dafi ne, yana taɓa zuciya, idan kuma ya shiga ido yana iya dushe gani. Kada a bar yara suna fasa 'ya'yanta da wasa, kada kuma a sha ta da sunan magani babu sani. Ba kuma cewa nake a cika gona da ita ba, don a Ostireliya da Birazil da aka kai ta, mamaye makiyaya ta yi. A bar ta a kan iyaka, a bakin kwazazzabo, da duk fakon da komai ya ƙi fitowa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu gane amfanin barin abin da ya tsiro da kansa a gona. Tun shekarun 1980 suka daina ƙone kututtura, suka koma zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi a jikin sabara da kalgo da gawo, su sassabe sauran. Sassabin zamani suke kiransa. Da shi aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da jigilar dashe ko ban ruwa ba.

Kano na cikin jihohi 11 da aka sa a shirin babbar katangar itatuwa ta tare hamada. Dashe yana da kyau, sai dai yana buƙatar ruwa da shinge da mai gadi. Abin da ya fito da kansa ba ya neman ko ɗaya. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni da malaman gona su tara manoma kafin sharar bana, a nuna wa matasa abin da ake sarewa da abin da ake bari. Mai gatari ya fara duba inda iska ke shigo masa gona kafin ya ɗaga hannu.