Hannun da ya tsai da jini a daji bai isa riƙe alƙalami a Yamai ba?

Maganar nan da wani babban likita ya yi a wurin ɗaurin aure a Buza ta riga ta gama fadoji, daga Tabotaki har Madawa, don haka ba sai na maimaita yadda aka yi ba. An kawo masa zancen wani ajidan ɗan garinmu, ma'aikacin jinya na soja, wato majo, wanda ya daɗe yana bin bataliya daji-daji, yanzu kuma yana son ya shiga jami'a ya zama cikakken likita. Dokta ya gyara zaman hula ya ce: "Majo majo ne, dokta dokta ne. In yana so, ya koma aji ɗaya ya zauna da ƴaƴan cikinsa." Aka bushe da dariya. Waɗanda suka fi kowa dariya kuwa su ne waɗanda ba sa ganin dokta a garinsu sai ranar ɗaurin aure.

Da a ce dokta shi kaɗai ke da wannan ra'ayi, da ban ɓata tawadata ba. Abin da ya faɗa da baki shi ne abin da ofisoshi ke faɗa da hatimi. Ajidan ya kai takardunsa wani ofishi, aka juya su gaba da baya, aka ce bak ɗinsa ta tsufa, shekarunsa sun yi yawa, takardar jinya ba ta cikin lissafi. Shekarun da ya yi a daji kuwa, babu ma gurbin da za a rubuta su. Ya sara wa mai ofishin, ya kwashi takardunsa ya koma bariki. Ga dukkan alamu, a ganin manyanmu likitanci gadon yaro ne ɗan shekara goma sha takwas da ya fito daga lise jiya, wanda jinin da ya taɓa gani bai wuce na ragon layya ba.

Bari in tuna wa masu dariya aikin wannan mutum. Mota ta taka nakiya, ko an yi kwanton ɓauna da asuba. Asibiti mafi kusa yana da nisan yini. Soja na kwance, cinya a buɗe, jini na tsartuwa. Majo ne zai durƙusa a kansa, ya ɗaure cinyar da ɗamara ya murɗa har jinin ya tsaya, ya rubuta lokacin da ya ɗaure, ya cusa bandeji cikin raunin, ya lalubo jijiya a hannun da ya riga ya yi sanyi, ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙarfen bayan Toyota. Shi zai dubi mutum biyar ya yanke shawarar wanda za a fara ɗauka da wanda zai iya jira, kuma shi zai kwana da wannan shawara har ƙarshen rayuwarsa. Ba mu manta da Tazalit ba, a nan jiharmu ta Tawa, inda aka kashe jami'an tsaro 22 a watan Oktoba na 2016. Ba mu manta da Inates a Disamba 2019 ba, sojoji 71, ko Shinagodar a Janairu 2020, sojoji 89, ko Tabatol a Oktoba 2023, sojoji 29. A irin waɗannan ranaku, hannun farko da ke taɓa wanda ya ji rauni mafi yawan lokaci na majon bataliya ne. Ranar da babu harbi kuma, shi ne likitan ƙauyen da aka yada zango: masassara, gudawa, cizon maciji, haihuwar da ta zo da gardama, duk gabansa ake kawowa.

Wannan mutum ne ake cewa ya koma aji ɗaya a koya masa yadda ake auna zafin jiki. Daidai yake da a kira manomin Galmi da ya yi rani ashirin a garka a ce zo mu nuna maka kamannin albasa.

To, da a ce likitoci sun yi mana yawa, sai mu ce abin ƙasaita ne. Ina! Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda jami'anmu ke yawan ambata a taruka, ma'aunin da aka saba jingina mata shi ne likita ɗaya ga mutum dubu goma. Mu a Nijar likita ɗaya na ɗauke da fiye da mutum dubu ashirin, kuma wannan lissafin ma yaudara ne, domin ya haɗa Yamai da Tabotaki a kwando ɗaya. Kowa ya san inda likitocin suka taru. Tuni ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shigo Madawa da Buza saboda tamowa da masassarar yara. Asibitin mishan na Galmi yana nan tun 1950, har yau nan ake garzayawa in abu ya gagara. Baƙi sun ƙetaro teku sun zauna da mu, ɗan ƙasa mai digiri kuwa in an turo shi Buza ko Keita sai ka ji wata cuta ta same shi wadda iskar Yamai ce kaɗai maganinta.

Kuma kada wani ya ce mini wannan tsari na raba majo da dokta da katanga daga sama ya sauko. Mun san wanda ya gina katangar. A 1918 Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar, tana yaye ƴan Afirka a matsayin likitocin taimako: su yi aikin, su shiga dajin da Bature ba ya so, amma kada su kuskura su yi kafaɗa da shi. Félix Houphouët-Boigny kansa da irin wannan takarda ya fito a 1925. Bature ya tafi a 1960, ƴan'uwanmu suka haye kujerarsa, suka waiwayo suka ga ana buƙatar wanda zai tsaya a ƙasa, sai suka ga majo. Yau ana ta maganar sake gina ƙasa da ƴancin kai, an sallami sojojin Faransa a Disamba 2023, an sallami na Amurka daga Agadas a 2024, amma katangar Dakar tana nan daram cikin kawunan masu farar riga.

Abin dariya ma, ita uwar ɗakin tasu ta riga ta sauya. Faransa ta kafa ƙayyadadden adadin ɗaliban likitanci a 1971, ta soke shi a 2020 bayan ta ga ƙauyukanta sun wayi gari babu likita. Tun 2017 kuma ta buɗe ƙofa ga ma'aikatan jinya da makamantansu su nemi shiga karatun likita kai tsaye a shekara ta biyu ko ta uku, ta hanyar duba takardu da ganawa da kwamiti. Masu kwaikwayo dai ko kwaikwayon ba su iya yi a kan lokaci ba.

Amurka fa? A can, aikin mataimakin likita gaba ɗayansa daga sojoji ya samo tushe. A 1965 Dokta Eugene Stead na Jami'ar Duke ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan jinya huɗu na sojan ruwa ya fara horar da su, domin ya ga asara ce a bar irin wannan ƙwarewa ta tafi a banza. Daga 2014 kuma jami'ar likitancin sojan ƙasar ta fito da shiri na shekara biyu da ke shirya ƙananan sojoji shiga makarantar likita, suna karatu albashinsu na tafiya. Ƙasar da ta fi mu likitoci ninkin ba ninkin tana tattalin sojanta mai jinya, mu da muke bara muna korar namu daga bakin ƙofa.

In an ce waɗancan masu kuɗi ne, to ga Mozambik. Yaƙi da gudun likitoci suka tilasta mata, daga 1984, ta horar da ma'aikatan lafiya su riƙa yin fiɗa. Da aka bi sawu, aka tarar su ke yin mafi yawan fiɗar haihuwa a asibitocin gundumomi, kuma bayan shekara bakwai kusan kashi 90 cikin ɗari suna nan a karkarar da aka kai su, alhali likitocin da aka tura tare da su ko ɗaya bai saura ba. Ko mu nan, tun 2005 ake ba likitocin gama-gari horon shekara guda su yi fiɗa a asibitocin gundumomi. Lokacin da gajeriyar hanya ta amfani dokta, ba wanda ya ce inganci zai zube. Sai da majo ya leƙo aka tuna da inganci.

Na san abin da za su ce, na sha ji. Wai likitanci ilimi ne mai zurfi, akwai kimiyyar sinadarai da ta sassan jiki, ba ɗinki da allura kaɗai ba. Madalla, mun gode da tunatarwa. Wa ya ce a raba digiri kamar goron biki? A ba shi jarrabawa, mai tsanani ma, sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda yake da yaƙinin majo zai faɗi, me ya sa yake tsoron a gwada shi? Wai shekarunsa sun ja, ƙwaƙwalwa ta gaji. Mutumin da ke lissafin maganin yaro da nauyinsa, cikin duhu, da hasken salula a baki? Wai ba zai daɗe yana aiki ba kafin ritaya, asarar kuɗin gwamnati ce. To wanda ya gama yana ɗan shekara ashirin da shida, ya ci bursu shekara bakwai ko takwas, ya tsallaka waje ko ya buɗe kilinik a unguwar Filato ta Yamai, nawa Tabotaki ta samu daga jarin da aka zuba masa? Wai bataliya za ta rasa majonta. Ai ita ma bataliyar likita take nema. Yamai na da makarantar horar da ma'aikatan jinya na soja, EPPAN, wadda ta yaye ɗalibai har daga wasu ƙasashen Afirka, likitocin soja kuwa an saba tura su karatu waje, irin su Lome da Dakar. A tsakanin waɗannan biyun ne ya kamata a ce akwai tsani.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, rigimar ta girmi ajidan. Tsohuwar gaba ce tsakanin mai sa hannu da mai yin aiki. Kowa a ƙaramar likitar CSI ya san ta. Majo ne ke kwana da mai naƙuda, shi ke bin bukkokin lafiya da babur, shi ke cike rajistar kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka fara a 2006, shi ke shan zagin iyaye in magani ya ƙare kuɗin gwamnati bai zo ba. Idan kuwa aka kira taron bita a otel mai sanyi a Tawa ko Ƙonni, da shayi da nama da kuɗin zama a ambulan, to nan fa za ka ga manya sun cika ɗaki. Taron ƙara wa juna sani, taron tabbatar da abin da aka tattauna a taron baya, taron duba sakamakon taron tabbatarwa. Mota mai lambar aikin raya ƙasa ta zo da ƙura, a ɗauki hoto da jaririn da majo ya ceto, a koma kafin la'asar. Rahoto ya fita da sunan kowa ban da nasa. Na sha ganin wannan, har na daina mamaki. Kuma babbar makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta Yamai sunan Damure Zika take ɗauke da shi, wanda shi ma ma'aikacin jinya ne. Mun iya girmama majo in ya mutu.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Muna da sashen koyon likitanci a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Dan Dikko Dankulodo a Maraɗi. Kowace ta ware kujeru kaɗan duk shekara ga ma'aikatan jinya da suka yi aƙalla shekara goma a fage, na soja da na farar hula. A ba su shekara guda ta share fage a kimiyya, su rubuta jarrabawa, wanda ya ci ya shiga shekara ta biyu ko ta uku, albashinsa na tafiya domin mai iyali ne. Shi kuma ya sa hannu cewa in ya gama zai yi shekara goma a bataliya ko a asibitin gunduma irin na Buza da Keita da Abalak. Ba na jin za a sha wahalar riƙe shi a can. Uwarsa na can, gonarsa na can, kuma ya riga ya saba kwana inda babu lantarki.

Ministan lafiya da aka naɗa a 2023, Kanar-Manjo Garba Hakimi, likitan soja ne. Ba sai an gaya wa manyan hafsoshi darajar majon bataliya ba, wasunsu da hannunsa aka ɗinke su. Ina kira gare su, da ma'aikatar ilimi mai zurfi, da shugabannin jami'o'in nan uku, su zauna su buɗe wannan ƙofa kafin ɗaukar ɗalibai na gaba. Ku kuma sarakuna da malamai da ƴan ci-ranin Adar masu aiko kuɗin magani gida duk wata, ku sa baki, domin ku ne ke biyan kuɗin motar kai mara lafiya Galmi. Dokta kuma ya yi haƙuri, ba farar rigarsa ake so a ƙwace ba. Mutanen Tabotaki likita suke nema wanda zai kwana a garin.