Kafin Ka Sakar Wa AI Lab Ɗinka, Karanta Takardarsa

Kai da kake turo min bidiyon AI yana gina netwok a GNS3 cikin minti biyu, kana cewa wahalar koyo ta ƙare, tsaya mu yi magana. Ka buɗe README na manhajar kuwa? Na san ba ka buɗe ba. Taurarin GitHub ka gani, ka ce ai shi ke nan.

Ni gyaran waya nake yi, da dare nake koyon netwok a tsohuwar laftof. Duk mai fulashin ya san SP Flash Tool, ya san cewa in ka zaɓi Format All + Download ba tare da ka ajiye NVRAM ba, wayar MediaTek za ta iya tashi babu IMEI. Maɓalli ɗaya ne fa. Wanda ya ba ka fayil bai faɗa maka wannan ba, ya cuce ka ko da kyauta ya ba ka. Irin wannan cutar ce nake gani a yawancin manhajojin da ke haɗa AI da GNS3, EVE-NG ko Containerlab.

Ga yadda abin yake. Tun da Anthropic ta fitar da MCP a Nuwamba 2024, kowa na iya rubuta ƙaramar manhaja da za ta ba AI hannu ya ƙirƙiri rauta, ya ja waya tsakanin na'urori, ya buga umarni. Kowane aiki yana da suna da ɗan bayani, kuma wannan bayanin shi AI ɗin yake karantawa ya yanke shawarar abin da zai taɓa. Wato takardar nan mutum biyu ke karanta ta: kai da shi. Kai in ba ka gane ba ka tsaya ka tambaya. Shi sau da yawa sai ya yi hasashe ya wuce.

Na ɗanɗana. Wata manhaja, ba zan kira sunanta ba, bayanin aikin da ke goge na'ura a cikinta bai wuce kalma biyu ba, ma'anarsu "kula da na'ura". Na ce wa AI ya gyara min tsarin lab ɗina. Ya share rauta huɗu da na kwana uku ina sa musu OSPF, ya gina sabbi fanko, har da yi min albishir cewa an kammala. Laifina ne da ban ajiye kwafi ba, na yarda. Amma wanda ya rubuta "kula" a inda ya kamata ya rubuta "gogewa, ba a dawo da ita" fa?

Za ka ce kyauta ce, masu sa kai ne suka yi. To madalla, Allah ya saka musu. Sai dai wanda ya samu lokacin haɗa bidiyo da kiɗa bai rasa lokacin rubuta layi biyar ba. MCP ɗin ma yana da alamun readOnlyHint da destructiveHint don a nuna aikin da ke dubawa kawai da wanda ke ɓarna. Sa su ba ya cin data.

Don haka in ka buɗe takardar, fara neman sigar da take aiki da ita. GNS3 na 2 da na 3 ba hanyar magana ɗaya suke amfani da ita ba, na 3 sai ka shiga da suna da kalmar sirri. Takardar da ba ta faɗi wanne ba za ta cinye maka dare a banza. Duba ko ta faɗi inda kalmar sirrinka take zama. Duba ko ta gaya maka cewa hotunan Cisco IOS ba sa zuwa da GNS3, kai za ka nemo su da lasisi.

Wanda ya fi damuna shi ne Cloud. A GNS3 wannan na'urar tana haɗa lab da netwok na gaske. In takardar ba ta ce komai ba kan iyakar inda AI zai iya kaiwa, umarnin write erase da ka ɗauka wasa ne zai iya sauka kan rautar ofishin da kake koyon aiki.

In ba ka ga waɗannan a rubuce ba, rufe shafin. In kuma ka nace sai ka gwada, yi kwafin aikinka tukuna, cire Cloud, ka ba shi rauta biyu da ba ka damu da su ba.