Bam Ya Bar Shi, Doka Ta Kashe Masa Sana'a

A Fabrairun 2015, sa'ad da Boko Haram ta yi wa Difa ruwan wuta, bam ya tashi cikin kasuwa, saurayi ɗan kabu-kabu bai daina fita ba. Da asuba ya ɗauki fasinja, da maraice ya kai wa uwarsa kuɗin hatsi. Sai dokar ta-ɓaci ta haramta moto, ta tsai da cinikin tattasai da kifi. Tsaro wajibi ne, babu musu. Amma wa ya tanadar wa yaron wata sana'a? Dubbai suka kwararo Damagaram, dangi suka ciyar da su, manyan Yamai kuwa sai jawabi. Gwamnatin da ta raba yaro da abincinsa babu madadi, ita ta miƙa shi ga masu farautar mayaƙa.