'Yar Kance: yadda sunan gari ya koma zagi a bakin kasuwa

A tashar motar Agadas, ko a bakin Kasuwar Dole ta Damagaram, ko a titunan Yamai, da zarar an hangi mace da goyo a baya da yara biyu ko uku riƙe da bakin zanenta, ba a tsayawa tambayar daga ina ta fito. Sai kawai ka ji an ce, "'yan Kance ne." Wataƙila matar daga wata jiha take, wataƙila ma ba bara ta zo yi ba, ɗanta ta kawo likita. Duk da haka an riga an yi mata suna. Abin ya kai ga ɗan kasuwar da ya yi lodin rake daga Dungu, ya biya kuɗin mota da guminsa, in ya faɗi garinsu sai wani ya yi dariya ya tambaye shi ina ya baro kwanon bara. Ana cewa wasa ne. Mu dai a namu ganin, wannan wasa yana cin jarin mutane, kuma 'yan kasuwa ne ya kamata su fara gane haka.

Idan ba a manta ba, a watan Oktoba na 2013 ne duniya ta ji sunan Kance ta hanya mafi muni. Motoci biyu sun tashi daga Arlit za su Tamanrasat, suka lalace cikin hamada. Aka tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu daga wannan yanki namu suka fito. Gwamnati ta yi shelar zaman makoki na kwana uku. A ƙarshen 2014, bisa yarjejeniya tsakanin Nijar da Aljeriya, aka fara kwaso 'yan Nijar a manyan motoci ana dawo da su, kuma galibin na farko mata ne da ƙananan yara na jihar Damagaram. A watan Yuni na 2016 wasu 34 suka sake mutuwa a wajen Asamaka, 20 daga cikinsu yara. Sannan a watan Maris na 2022 wani gidan talabijin na Senegal, TFM, ya nuna 'yan Nijar suna kwana a titunan Dakar suna bara. Cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta tura jirgi, aka dawo da sama da mutum dubu a sawu biyu, aka ce yawancinsu 'yan Kance da Magariya ne. Bayan 'yan watanni aka yi irin wannan kwasa daga Gana.

Ba mu musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin tambaya a nan shi ne: gundumar da ƙidayar 2012 ta ba kusan mutum dubu 400, da kwaminoni tara, Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dawshe, Dungu, Ishirnawa, Kurni, Tsauni da Yawuri, ta yaya za a ɗaure ta duka a bakin kwano ɗaya? Masu noman rake da kayan lambu a fadamu, da masu fataucin dabbobi, da matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli tun asuba, ina aka kai su?

Duk wanda ya san yankin ya san inda gizo ke saƙa. Kance na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta, kowa ya sami abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Hatsin da aka girbe a gidaje da yawa ba ya kai su bazara. Da can mafita a kudu take: maza su tafi cin rani Daura, Katsina da Kano, mata su yi aikatau, a dawo da naira mai daraja. Sai rikicin Boko Haram ya dagula arewacin Nijeriya, naira ta yi ta faɗuwa. Libiya, inda samari ke zuwa su aiko da kuɗi, ta wargaje a 2011. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa farkon 2024. Ba sai an gaya wa 'yan kasuwar Ɗan Barto da Matamaye abin da rufe iyaka ke nufi ba, su suka ga kaya na ruɓewa a hannunsu. To in mai jari ya girgiza, ina ga bazawara mai 'ya'ya biyar wadda jarinta bai wuce jika uku ba?

A nan sai mu yi hattara, kada tausayi ya rufe mana ido. Akwai masu ɗaukar 'ya'yan mutane su tafi da su bara a raba kuɗi da iyaye. Akwai dillalai da ke haɗa tafiya, da direbobin da ke zubar da fasinja a daji in sun hangi jami'an tsaro. A 2022 gwamnati ta ce ba talauci ba ne ke kai mutane Dakar, gungun masu safarar mutane ne. Akwai gaskiya a ciki, kodayake dillali ba ya samun kasuwa a gidan da rumbu ke cike. Wanda ya cire yaro daga makaranta ya sa shi a bayan mota zuwa hamada ya yi laifi, kuma shari'a ce maganinsa. Abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda ake raba wannan laifi. Dillalin ana ce masa Alhaji. Wanda ya ba da rancen kuɗin mota da riba ana gaishe shi da girmamawa. Mijin da ya zauna a gindin bishiya yana jiran aike ba wanda ke yi masa waƙa. In matar ta dawo da barguna da katifu da tufafi, a kasuwarmu ake sayen su da araha, a sayar da riba. Zagin kuwa ita kaɗai ke ɗauka, ita da 'ya'yanta.

Ga inda maganar ta shafi kasuwa kai tsaye. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin cewa sana'ar ƙaramin jari a kan yarda take tafiya. Mai shago ya ba ki buhun gyaɗa bashi ki biya ranar kasuwa. Uwar adashe ta sa sunanki a layi domin ta san ba za ki ɓace bayan kin kwasa ba. Maƙwabciyarki a rumfa ta tsare miki kaya ki je salla. Duk wannan ba takarda, suna ne kawai. Matar da aka dawo da ita daga Tamanrasat ko Dakar, aka sauke ta a gaban jama'a, aka ɗauki hotonta, ta iso gida ne da bashin kuɗin mota a wuyanta, kuma sunanta ya riga ya lalace. Ta je neman bashin kaya, a ce ai irinsu ba sa zama. Ta nemi shiga adashe, a ce za ta kwashe ta gudu. Ta aika 'yarta talla, yara su bi ta suna tsokana. Bayan wata uku ko huɗu, wace ƙofa ta rage mata? Ta dillalin nan dai, shi da ba ya tambayar suna. In ta sake tafiya sai masu zagin su ce, "ba mun faɗa ba?" Alhali kuwa da hannunsu suka tura ta.

Abin takaici, mun san zafin irin wannan magana in daga waje ta fito. A 2017 an yi wani kamfe a shafukan sada zumunta na Aljeriya na cewa ba a son baƙaƙen Afirka a ƙasar, kuma a watan Yuli na shekarar Ahmed Ouyahia, wanda ke shugabantar ofishin shugaban ƙasa a lokacin, ya danganta baƙin haure da aikata laifuka da miyagun ƙwayoyi. Ranmu ya ɓaci, kuma da hujja. Amma a cikin Aljeriyar aka sami masu kare haƙƙin ɗan Adam da 'yan jarida da suka fito suka ce wannan wariya ce, ba da yawunsu ba. Abin da aka yi wa ɗan Nijar a can, a ɗauki laifin wasu a shafa wa kowa, shi ne ake yi wa ɗan Kance a gida. Wa zai tsaya masa a nan?

Akwai dai waɗanda suka nuna hanya. A 2013, cikin waɗanda suka shiga hamada suka tattara gawawwakin nan suka yi musu sutura, har da Almoustapha Alhacen na ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit. Ba ɗan Kance ba ne, kuma aikin ƙungiyarsa na asali a kan illar haƙar yuraniyom yake. Shi ne ya bayyana wa kafofin labarai abin da idonsa ya gani, har duniya ta san yara ne suka fi yawa a cikin mamatan. Tun 2017 kuma akwai Alarme Phone Sahara, mai cibiya a Agadas, wadda mutanenta ke fita da babur mai ƙafa uku daga Asamaka zuwa inda motocin Aljeriya ke zubar da baƙi, tafiyar kamar kilomita 15, su ɗauko waɗanda suka kasa tafiya. Su ne kuma ke ƙirga mutanen da ake korowa. A lissafinsu, a 2024 kaɗai an koro sama da mutum dubu 30 zuwa Nijar, 'yan ƙasa da baƙi.

A Damagaram ma muna da darasi a ƙofar gida. Unguwar Kara-Kara, inda aka tsugunar da kutare da sauran waɗanda gari ya ƙi, ta daɗe sunanta yana zaman zagi. Yaron da aka haifa lafiyayye a can yana gadon ƙyamar da aka yi wa kakansa, in ya girma ya rasa aiki ya shiga 'yan daba, sai a ce dama haka suke. Aisha Macky, 'yar Damagaram, ta ɗauki kyamara ta shiga unguwar, ta zauna da samarin, ta fitar da fim mai suna Zinder a 2021. Ba ta wanke su ba, ta nuna fasa-ƙwaurin man fetur da gidan kaso. Sai dai wanda ya kalla ya ga mutane masu suna da iyali da bashi irin nasa, kuma yana da wuya ka ci gaba da zagin wanda ka san sunan 'yarsa.

Sai kuma ta fuskar shari'a. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ta yi shekaru ana ce mata mai tonon asiri saboda ta ce har yanzu akwai bauta a Nijar. A 2003 aka yi dokar da ta mai da bauta babban laifi. A 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya, matar da aka sayar tana 'yar shekara 12, ta umarci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, saboda haka yanzu kotunan gida ne abin dogaro. Amma abin lura shi ne mace ɗaya ce, ba ta yi boko ba, ta sami masu tsaya mata har ƙarshe.

To 'yan kasuwa fa? Ba mu ce kowa ya kafa ƙungiya ko ya sayi kyamara ba. Makamin da ya fi dacewa da wannan matsala a hannun mata yake tun tuni. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, a kan tubalin adashen da iyayenmu suka sani. Mata kamar ashirin ko talatin su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a kulle a akwati, makullai a hannun mutane dabam-dabam. Mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta dawo da shi da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a fasa a raba. Daga ƙauyukan Hausa wannan dubara ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ƙarfinta shi ne ba ta neman jingina, shaidar 'yan uwa mata ta isa. Rauninta ma a nan yake: wadda aka ƙi yi wa shaida ba ta shiga. Hajiya uwar adashe, in kika ce kin tsaya wa mace ɗaya da aka dawo da ita, kika sa ta a ƙarshen layi in kina tsoro, kin yi abin da jirgin gwamnati bai yi ba. Alhaji mai shago, rabin buhu a gwada ta da shi ba zai karya ka ba, kuma ka sha yafe wa maza bashin da ya fi haka.

Akwai kuma abin da ke hannun sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tasha. Su ke raba rumfa, su ke sasanta rigima, kuma in suka tsawata a kan wata kalma, ana bari. Yadda ake cin tarar wanda ya yi ashar a layin mahauta ko ya rage mudu, haka za a iya tsawatar wa mai kiran mutum da sunan bara. Malamai masu wa'azin ranar kasuwa, da ke yawan jan kunne a kan illar roƙo, su haɗa da hukuncin yi wa mutum laƙabin da yake ƙi. Duka biyun suna cikin littafi.

Hana bara da ƙarfin hukuma an gwada. A watan Mayu na 2019 mahukuntan Yamai sun haramta ta a titunan birnin, ba a jima ba aka koma gidan jiya. Dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta sa direbobi bin hanyoyin da ba rijiya, kuma a Nuwamba 2023 hukumomin soja suka soke ta. Aljeriya ba ta daina koro mutane ba. A Afrilu 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun kwaminoni aka naɗa kantomomi, don haka ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Matamaye da Kance su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Abin da za su nema ba shi da yawa: a keɓe wasu rumfuna ga matan da aka dawo da su, a ɗage musu kuɗin tikitin kasuwa na 'yan watannin farko, a tabbatar 'ya'yansu sun sami takardar haihuwa da gurbi a makaranta. A yi shi kafin hatsin bana ya ƙare a rumbuna, domin lokacin ne dillalai ke fara zagaya ƙauyuka.