Ba a fafe gora ranar tafiya

Yara, idan jarrabawa ta kusa, da yawa cikinku kan kwana gaban fitila da kaye a hannu, kuna hadda har asuba. Bayan mako guda a tambaye ku, kome ya tafi. Daga nan sai yaro ya ce shi daƙiƙi ne, wani ma ya bar lakkwal. A ganina laifin yana ga yadda aka yi karatun. Kowane mutum mai lafiya yana mantuwa.

Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kansa. Ya ƙago gajerun kalmomi marasa ma'ana, ya jera su, ya haddace. Sai ya dakata, ya sake koyon su, yana lissafin lokacin da ya ɗauka. A shekarar 1885 ya buga abin da ya gano. Bayan awa guda, fiye da rabin aikinsa ya zube. Bayan kwana guda, kusan kashi 2 cikin 3. Daga nan mantuwar kan rage gudu. Da yake gwajin mutum guda bai isa hujja ba, wasu sun sake shi. A 2015 an maimaita shi a ƙasar Holan, aka sami kusan abu guda.

Ebbinghaus ya gano maganin kuma. Maimaici 38 da ya raba cikin kwana 3 ya yi masa amfanin maimaici 68 na rana guda.

Me ya kawo haka? Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi masu ɗimbin yawa da ke aika wa juna saƙo. Idan ka koyi sabon abu, wasu daga cikinsu kan ƙulla hanya tsakaninsu. Tana kama da hanyar gona: in ana bin ta kullum sai ta fito fili, in an bar ta damina guda ciyawa ta rufe ta. Cikin barci ma ƙwaƙwalwa kan ƙarfafa abin da aka koya da rana. Wanda ya kwana yana hadda ya hana ta wannan aiki.

Akwai dabara ta biyu. A 2006, a Amurka, an ba ɗalibai wani rubutu. Rukuni na farko suka yi ta karanta shi, zama huɗu. Na biyu suka karanta a zama guda, sannan suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna, sau uku. Bayan minti 5, na farko ne a gaba. Bayan mako guda, na farko sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, na biyu kashi 61.

Wani zai ce: "Ai da haddar dare na ci jarrabawa bara." Gaskiya ne, takan fid da mutum ranar nan. Amma lissafin bana a kan na bara yake zaune. Wanda ya manta ninkawa, yaya zai yi da rabawa?

Wata za ta ce: "Ina ɗebo ruwa, ina daka, ba ni da lokaci." Wannan ma gaskiya ne. To, wannan hanya ita ta fi dacewa da ke, don minti 15 sun isa.

Ga abin da za ku yi. Yau da marece ku rufe kaye, ku faɗi darasin da ka, ko ku gaya wa ƙanenku. Sannan ku buɗe ku duba inda kuka yi kure. Ku sake gobe, da bayan kwana 3, da bayan mako guda. Daren jarrabawa kuwa, ku kashe fitila da wuri ku kwanta.