Masa da Shayi a Gindin Inuwa

Fataken Azare da ke zuwa sarin kaya birnin Gwanzu na ƙasar Sin sukan komo da labarin wani irin karin kumallo da mutanen can ke kira dim sam. 'Yan ƙananan lomomi ne, waɗansu an turara su cikin kwandunan gora, waɗansu an soya, ana kawowa uku-uku ko huɗu-huɗu, ana korawa da shayi marar madara. Amma fa Musulmi sai ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu, gama da yawansu da naman alade ake cusa su.

Abin lura a nan shi ne wurin cin. Gidan abincin nan Panxi, wanda aka buɗe a 1947, yana bakin tafkin Liwan ne, cikin lambu mai tsofaffin itatuwa da 'yan gadoji. Dattijo ya zo da jikokinsa tun da hantsi, ya zauna har azahar, shayi na ƙarewa ana ƙaro ruwan zafi. Watau da loma da inuwa duka yake saye.

To, in don loma ce, ƙasar Katagum ba ta da abin jin kunya. Masar Jihar Bauchi ta yi suna har Ikko, ga ƙosai, ga ɗanwake, ga alkaki da nakiya, ga tsire da la'asar. Inda aka gaza wurin zama ne. Mai tuya tana bakin tasha, mai ci yana tsugune, babur ya wuce ya barbaɗa wa miyar taushe ƙura a madadin yaji. Baƙon kunya kuwa sai a ƙunshe masa a leda ya tafi masauki.

Alhali ga tarihi kwance. Malam Zaki ya kafa garin Katagum a farkon ƙarni na 19, Baturen nan Kilafaton ya sauka can a 1824, sa'an nan aka mai da gadon sarauta Azare a 1916. Tsohon garin yana nan kusa da kogi, da fadamarsa. Da Ƙaramar Hukumar Zaki za ta keɓe fili guda, ta hana sare tsamiyoyinsa, ta yi wa mata masu tuya rumfa da rijiya, da matafiyi ya sami dalilin ratsewa. Sai dai a hanzarta, don masu gawayi sun riga hukuma sanin inda manyan itatuwan suke.