Wa Ya Ce Ba Ruwanmu da Inzayim?

Akwai masu cewa wai binciken killace inzayim cikin ƙananan kwanso aikin Turawa ne, mu da ba mu gama da zazzaɓin cizon sauro ba ina ruwanmu. Ni kuwa na ce wannan magana ta malalata ce.

Inzayim dai sinadari ne da jikin mai rai ke samarwa domin hanzarta juyewar wani abu zuwa wani. Matar da ke zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron shinkafa cikin kunun zaƙi a Tudun Wada, shi take sa wa aiki, ya narkar da gasara ta yi zaƙi. Aibinsa shi ne rashin juriya: zafi kan kashe shi, ruwa kan tafi da shi. Don haka masana ke ɗaure shi, ko su rufe shi cikin kwanson polima, wato abu irin su roba da ƙaro, kwanson da sukari zai ratsa amma inzayim ba zai fita ba. Thomas Chang na Jami'ar McGill a Kanada ya bayyana wannan dabara a 1964, shekara biyu bayan Leland Clark ya nuna yadda za a auna sukari da inzayim. A 2007 ma kamfanin Sony ya nuna batir mai cin sukari, amma wannan bai dame ni ba tukuna.

Abin da ya dame ni shi ne ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a auna ciwon sukari. Inzayim ne a bakinsa. Masu yinsa kan rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce kimanin digiri 30 ba, alhali a watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan haura 40. To, tsinken da ya yi wata uku a shagon kemis mai rufin kwano a Kiru ko Doguwa, wa zai rantse da lambar da ya bayar? Da wannan lambar fa ake ƙara wa dattijo magani ko a rage masa! Haka kuma akwai ma'aunin inzayim mai gano maganin ƙwari a ruwa, ga mu da madatsar Tiga a Bebeji da masu feshi kewaye da ita.

Abin takaici, kwanson farko da kamfanin NCR na Amurka ya yi a shekarun 1950, ƙaro na cikin haɗinsa, ƙaron nan da muke lodawa buhu-buhu daga Kano zuwa Turai. Baturen da ke ƙasar sanyi ba zai hana idonsa barci domin zafin Kiru ba. Ina son in ga ɗalibin kemistiri ɗaya daga jami'o'inmu ya ɗebo tsinken nan daga shagunan ƙananan hukumomin huɗu a tsakiyar bazara, ya gwada su da sababbi, ya kuma rubuto wa wannan mujalla abin da ya gano, da Hausa.